Ƙarfen da Ya Ƙi Dakushewa Cikin Wuta

Tun zamanin kakanni maƙera sun tafi a kan magana guda: in za a hori ƙarfe, a sa shi wuta ya yi ja, a tsoma shi a ruwa, amma in zafi ya zarce, ya ƙone ke nan. Wahalar ita ce, irin wannan ƙarfe in ya ɗau zafi wurin aiki sai taurinsa ya sake. Saboda haka a masana'antun Turai tilas a riƙa tafiyar da injin sassaƙar ƙarfe sannu sannu, don kada bakin yankan ya dakushe.

Cikin 1868 wani mutumin Ingila, Robert Mushet, ya gauraya ƙarfe da wani ma'adini wai shi tungistan, ya sami irin da ke taurara a iska, ba sai an ba shi ruwa ba. An yi murna da shi, amma aka ci gaba da horonsa da zafin da aka saba.

Sai cikin 1898, a ma'aikatar ƙarfe ta Bethlehem a Amurka, Frederick Taylor da Maunsel White suka shiga gwada ƙarfe mai tungistan da kuromiyam, suna ƙara masa wuta mataki mataki. Da farko ya lalace, kamar yadda maƙera suka faɗa. To, da suka matsa har ya kusa narkewa, sai ga shi ya fi da tauri nesa ba kusa ba. Ashe maganar magabata gaskiya ce, sai dai ba su bi ta har ƙarshe ba, don ba mai son ya yi asarar ƙarfensa.

A babban baje kolin Faris na 1900 jama'a suka tsaya suna kallon bakin yanka ya yi ja don zafi, yana ta feraye ƙarfe, bai ko dakushe ba. Injunan da ke akwai kuwa ba su iya jure wannan sauri ba, sai da aka ƙera masu ƙarfi.

Saura matsalar iska, wadda ke cin fatar ƙarfe a irin wannan zafi, ta bar masa ɓawo. Maganin da aka samo shi ne a dafa shi cikin narkakken gishiri, inda iska ba ta kai gare shi. Wajen 1980 kuma aka fara yi wa bakin ƙarfen huda wata 'yar siririyar riga ta titaniyam da naitirojin, mai launin zinariya. Ita ce ake gani yau a rumfunan masu sayar da kayan aiki.