Cimar Hunturu a Teburin Baƙi: Tarihin Abinci a Kwarin Anniviers

Duk wanda ya hau kwarin Anniviers a kudancin Suwizalan, ya zauna a ɗaya daga cikin ƙananan masaukan da ke kan duwatsunsa, abin da za a ajiye masa bai wuce abu huɗu ba: baƙin burodi mai nauyi, busasshen nama da aka yanka fale-fale, cuku, da dafaffen dankalin Turawa. Kuɗin da zai biya kuwa sai ya shafa aljihu. Amma shekaru 150 da suka wuce wannan cimar talaka ce. Kowane abu a farantin an samo shi ne don warware matsala guda: yadda abin da aka tara a 'yan watannin ɗumi zai kai iyali ƙarshen hunturun da dusar ƙanƙara ke toshe hanya.

Kwarin yana jihar Valais, wadda ta shiga tarayyar Suwizalan a 1815, kuma mutanensa Faransanci suke yi. Kogin Navizence ya ratsa shi ya gangara zuwa kogin Rhône kusa da garin Sierre. Ƙauyukansa, irin su Vissoie da Grimentz da Saint-Luc da Zinal, a jikin gangare suke, Chandolin ma ta haura mita 1,900. A wuri irin wannan gona ɗaya ba ta ciyar da gida, don haka iyali kan mallaki 'yan filaye a matakai daban-daban, su yi ta hawa da sauka cikin shekara. Kafin ɗumi ya kankama ƙauye guda kan kwashe ya sauka Sierre aikin gonakin inabi, har da limamin coci da malamin makaranta. Daga nan su koma ƙauye shuka, su hau da shanu matsakaicin tudu, a watan Yuni kuma a kora garke can ƙololuwa inda ciyawa ta fito bayan narkewar ƙanƙara.

A can saman shanu kan yi kwana 100 ko kusa da haka. Madara ba ta jira, hanyar sauko da ita kuma babu, sai aka mai da ita cuku a wurin. Kimanin lita 10 ke ba da kilo ɗaya, kilon nan kuwa yana iya shekara bai lalace ba. Makiyayar ta jama'a ce. Masu shanu kan haɗa dabbobinsu garke ɗaya, su ɗauki makiyaya da mai yin cuku, a riƙa auna madarar kowace saniya, in kaka ta yi a raba cuku gwargwadon abin da saniyar kowa ta bayar.

Abin kowa yakan zama na ba kowa ba, to me ya hana mai hali cika makiyayar da shanu har ciyawa ta ƙare? Amsar ta fi fitowa fili a Törbel, wani ƙauye a wani kwarin na jihar Valais ɗin, inda takardun yarjejeniyar mazauna suka kai 1483. Wata dokarsu ta 1517 ta ce kada kowa ya tura shanu kan tsauni fiye da waɗanda zai iya ciyarwa a hunturu. Hikimar dokar ita ce ba ta buƙatar ɗan sanda. Busasshiyar ciyawar da mutum ya tara a fili take, shanun da ke garkarsa a watan Janairu kuma maƙwabci na iya ƙirga su. Elinor Ostrom ta kafa hujja da wannan ƙauye a littafinta na 1990 kan dukiyar tarayya, aikin da ya kai ta ga lambar Nobel ta tattalin arziki a 2009. Irin wannan haɗakar ce ta riƙe makiyayun Anniviers.

Burodin ma labarinsa na ajiya ne. Alkama ba ta son sanyin tudu, sai suka dogara da wani hatsi danginta da Faransawa ke kira seigle. Tanderun gashi na ƙauye ne, kuma sau biyu ko uku kawai ake hura shi a shekara, kowane gida ya gasa na watanni. Yakan bushe ya yi tauri har sai an sa wuƙa ta musamman an sara, a jiƙa a madara ko romo. Nama kuma a ƙarshen kaka ake yanka dabbar da ba za a iya ciyarwa ba, a cuɗe shi da gishiri da ganyayen ƙamshi, a rataye iskar tsauni ta busar da shi cikin makonni. Rumbunansu na katako suna tsaye kan ginshiƙai, an ɗora faifan dutse a kan kowane ginshiƙi don ɓera ya kasa hawa. Har yau suna nan a Grimentz.

Ajiyar ta kai har kabari. A al'adar kwarin mutum kan ware ƙwaryar cuku tun yana da ƙarfinsa, a adana ta shekara da shekaru don a ci ranar jana'izarsa, kada 'yan makoki da suka sha tafiya su koma da yunwa, kada kuma iyali su ji kunya. Masaniyar al'adu Yvonne Preiswerk ta yi littafi guda kan wannan walima ta mutuwa a 1983. Haka giyar inabin da suke haurowa da ita daga Sierre: gangar katakon ba a barinta ta ƙare, duk shekara ana ƙara sabuwa kan tsohuwa. Akwai ganga a Grimentz da aka fara zuba wa tun 1886.

Baƙi sun fara zuwa ne da Turawan Ingila masu sha'awar hawan duwatsu. An kafa ƙungiyarsu a Landan a 1857, John Tyndall ya hau ƙololuwar Weisshorn a 1861, jirgin ƙasa ya iso Sierre a 1868. Saint-Luc ta samu otal ɗin Bella Tola tun 1859, a wajajen 1882 kuma aka gina otal ɗin Weisshorn a tsayin mita 2,337. Manoma suka zama 'yan jagora da masu dako, abincin gida ya fara samun mai saye.

Wanda ya fi cin gajiyar wannan sauyi shi ne raclette. Asalinsa makiyayi ne ke kara rabin ƙwaryar cuku a gaban wuta, in fuskar ta narke ya kankare ta da wuƙa, sunan ma daga kalmar Faransanci ta kankara ya fito. A ƙarni na 20 ya sauko daga bukkar makiyaya zuwa bukukuwan baje koli da otal-otal, har ya zama tambarin jihar. Yau doka ta kare sunan cukun raclette na Valais da na burodin seigle ɗinta, ba mai sa wa kayansa sunan sai wanda ya yi su a can bisa ƙa'ida.

Rayuwar da ta haifi abincin ita ce ta ja baya. A 1908 aka buɗe masana'antar alminiyom a Chippis, daidai bakin kwarin, albashi ya fara janye samari daga gona. Madatsar ruwa ta Moiry da aka kammala a 1958 ta kawo titi da kuɗi, wasan zamiya a kan ƙanƙara ya biyo baya, ƙaurar shekara-shekara zuwa Sierre ta mutu. A 2009 ƙananan hukumomi shida na kwarin suka haɗe suka zama ɗaya. Da yawa daga masu shanu a yau wani aikin ne ke ciyar da su, kiwon kuma tallafin gwamnatin tarayya da kishin gado ke riƙe da shi.

A 2023 UNESCO ta sa al'adar kai shanu tsauni ta Suwizalan cikin jerin gadon al'adu na duniya. Karramawar ta dace, sai dai takarda ba ta tatsar saniya. Makiyayar da aka daina kiwo a cikinta, cikin 'yan shekaru ƙaya da bishiyoyi ke cinye ta, kuma in ta tafi, cukun da ke ɗauke da ɗanɗanon ciyawarta ya tafi. Masauki zai iya ci gaba da kawo faranti iri ɗaya da cukun masana'anta, baƙo bai sani ba. Abin da zai nuna ko cimar Anniviers tana raye shi ne yawan mutanen da za su yarda su kwana 100 a kan dutse, suna tashi tatsa tun asuba.