HOTON ƘASA SHAIDAR TARIHI: DUWATSU DA ITATUWA DA TAFKUNAN ƘASAR FASKARI

Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau da kaka, ya ratsa Mairuwa da Sheme da 'Yankara, ya san irin abin da ido ke gani a ƙasar Faskari. Ga manyan duwatsu sun taso cikin gonaki sai ka ce an kife ƙore, ga ɗorawa da kaɗanya sun barbazu cikin dawa da masara da auduga, ga kuma madatsar Mairuwa wadda ke shayar da Funtuwa. In ka tambayi dattijo yadda wurin yake zamanin ƙuruciyarsa, mai yiwuwa ne ya ce maka duhun daji ne, an sare. Ka matsa gaba wani ya ce a'a, itatuwan gona ma yanzu suka fi yawa. To, da me za a raba musu gardama? Hausawa sun ce gani ya kori ji. Nufinmu a wannan takarda mu bi tarihin masu ɗaukar hoton ƙasa don sha'awa, watau waɗanda ba su mai da abin sana'a ba, mu ga irin shaidar da suka bar mana, da kuma iyakar inda za a amince da ita.

I. Kafin zuwan akwatin hoto

Tarihinmu na baka da na rubuce ya kiyaye sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙensu da tsawon mulkinsu. Kirari yakan ambaci dutse, waƙa takan ambaci gulbi, amma babu wanda ya ƙidaya mana itatuwan da ke gindin dutsen, ko ya auna inda ruwa yakan tsaya da bazara.

A shekarar 1839 aka bayyana dabarar ɗaukar hoto a Faransa, sai dai kayan aikin na farko suna da nauyi, ga wuyar sha'ani a ƙasar zafi. Saboda haka lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka Katsina a 1851, ya kuma sake ratsa ta a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, da hannu ya riƙa zana abin da ya gani. Da ya koma Turai aka ba wani gwanin zane, Johann Martin Bernatz, ya gyara zanen don littafin da aka buga a 1857 da 1858. Watau surar ƙasarmu da Turawa suka fara gani ta bi ta hannu biyu, na biyun kuwa bai yi tafiyar ba.

II. Akwatin sule biyar

Abin ya sake a 1888, sa'ad da George Eastman na Amurka ya fito da akwatin Kodak mai ɗaukar hoto 100 kafin fim ya ƙare. A 1900 kuma ya fito da ƙaramin da ake kira Brownie, dala ɗaya a Amurka, sule biyar a Ingila. Shekara uku bayan wannan, a 1903, Turawa suka ci Kano da Katsina da Sakkwato. Ashe ke nan mulkin Turawa da hoton sha'awa kusan tare suka shigo mana, cikin adakar Razdan da Di'o da likita da malamin makaranta.

Waɗannan mutane rangadi ne aikinsu, baƙi ne kuma, baƙo kuwa abin da ɗan gari ya saba da shi har ya daina gani, shi ke ba shi mamaki. Don haka suka riƙa juya akwatinsu wajen dutse da kuka da giginya da mashaya. J. D. Falconer, masanin duwatsu da ya yi aikin binciken ma'adinai a Nijeriya ta Arewa, ya buga littafinsa kan duwatsu da labarin ƙasar Arewa a 1911 da hotuna a ciki. A 1930 wani ma'aikacin mulki, A. F. B. Bridges, ya kafa ƙungiyar Nigerian Field Society ta masu sha'awar tsirrai da tsuntsaye da namun daji, mujallarta kuma ta soma fita a 1931. Sai E. H. Duckworth, sufeton ilmi, wanda ya riƙe mujallar Nigeria har 1953, ya zaga ƙasar nan yana ɗaukar hoto. Dubban hotunansa suna ajiye yanzu a ɗakin karatu na Jami'ar Northwestern a Amurka.

Kudancin Katsina yana kan hanyar irin waɗannan baƙi. An buɗe gonar irin auduga a Daudawa, jirgin ƙasa kuma ya ratsa Funtuwa da Gusau har ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Amma kundin hotunan Bature kayansa ne, ba na gwamnati ba. Ran da ya yi ritaya sai ya naɗe shi da sauran kaya ya hau jirgin ruwa a Ikko. Shi ya sa mai neman tsohuwar surar ƙasar Hausa yau sau da yawa sai ya nufi ɗakunan ajiya na Ingila ko Amurka, bayan ya gama da na Kaduna.

III. Mu kuma fa?

Da akwatin hoto ya shigo hannun 'yan ƙasa, wajen mutum aka juya shi. Hoton salla, hoton angwanci, hoton naɗin sarauta, hoton 'yan makaranta a jere da malaminsu a tsakiya, sa'an nan hoton fasfo na maniyyata. Dalili a fili yake: fim da wanki kuɗi ne, wa zai ɓata sulallansa kan dutsen da yake gani kullum daga ƙofar gida?

A nan akwai abin lura. Saɓanin da malamai suka yi game da sura, kan mai rai ne. Itace da dutse da ruwa kuwa jamhurun malamai ba su hana suranta su ba, har an ruwaito a Buhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Sai ga shi irin hoton da ba a yi gardamar halaccinsa ba shi muka fi yi wa sakaci.

Duk da haka kada a raina hoton mutane. Bayan ango akwai tsamiya, bayan 'yan makaranta akwai dutse, bayan hawan salla akwai ganuwa da kukoki. Mai hoto bai nufe su ba, amma sun shiga, shaidar da aka bayar ba da niyya ba kuwa takan fi nauyi wajen masanin tarihi.

IV. Gardamar Hamada

Sai dai hoto shaida ne wanda ya ga abu sau ɗaya, daga gefe ɗaya. Ga misali. A 1934 E. P. Stebbing, shehun malamin ilmin daji na Jami'ar Edinburgh, ya zaga Arewacin Nijeriya da ƙasar Nijar da rani. Ya ga rairayi da busassun itatuwa, ya koma ya yi shela a 1935 cewa Hamada na tahowa kudu, littafinsa na 1937 kuma ya fito da hotuna. Magana ta yi ƙarfi har Ingila da Faransa suka haɗa kwamitin masanan daji, suka bi iyakar ƙasashen biyu a 1936 zuwa 1937. Suka ce lalle akwai ɓarnar sara da ƙuna a wurare, amma ba su ga alamar Hamada na cinye ƙasa yadda aka faɗa ba. Hotunan Stebbing ba ƙarya suka yi ba. Na rani ne, aka karanta su kamar na dukan shekara. Da an koma wurin a watan Agusta da an ɗauko wata ƙasa dabam.

Maganin wannan shi ne maimaici: a koma daidai inda aka tsaya da, a fuskanci inda aka fuskanta, a lokaci irin na da, a sake ɗauka. Da wannan dabara Hastings da Turner suka nuna sakewar tsirran Arizona a littafinsu na 1965. A ƙasar Hausa ma an gwada ta da hoton jirgin sama. Masana labarin ƙasa na Jami'ar Bayero, cikinsu har da Michael Mortimore, sun gwama hotunan karkarar Kano na 1972 da na 1981, suka buga sakamako a 1990: itatuwan gona ba su ragu ba, a wasu wurare ma ƙaruwa suka yi, ko da yake birni na cin itacen wuta. Haka kuma hotunan ƙauyen Galma na Nijar, na 1975 da na 2003, sun nuna yadda manoma suka rayar da itatuwa a gonakinsu, aikin da aka ƙiyasta ya game kadada miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan ya ɗora wa Faskari kai tsaye. Itacen gona yana da ubangida mai tsaronsa, na gandun daji kuwa sai yadda hali ya yi. Labarin ɗorawar manomin Sabuwa dabam, labarin doka da maje da kawo na dajin Kogo dabam. Kowanne sai an nemo masa shaidarsa.

V. Abin da ya rage gare mu

Tun da daɗewa taurarin ɗan'adam ke ɗaukar hoton duniya daga sama, amma wanda ke tsaye a ƙasa shi ke bambanta kaɗanya da darbejiya, shi ya san sunan dutse da sunan mai gona. Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, bayan 'yan shekaru akwatin hoto ya koma cikin aljihun kowa, ba fim ba wanki. Abin baƙin ciki, sa'ad da kayan aiki suka samu sai daji ya rufe. A watan Disamba na 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a sa dajin Kogo cikin sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10. A daren 11 ga wannan watan kuma 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumba 2021 aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Wanda aka tasa daga ƙauyensu da dare ba ya tsayawa neman hoto a ƙarƙashin adaka, abin da ya bari kuwa na gara ne da ruwan sama.

Saboda haka muna roƙon 'yan'uwanmu malaman kwalejojin horon malamai abu uku. Na ɗaya, su sa ɗalibai su nemo tsofaffin hotuna a gidajensu, a kwafa a mayar wa masu su, a tambayi dattawa wuri da shekara tun suna da rai. Na biyu, kowace makaranta ta zaɓi wurare kaɗan da babu hatsari, kamar gindin dutsen gari ko bakin tafki ko hanyar kasuwa, a riƙa ɗaukarsu sau biyu a shekara, da bazara da tsakiyar damina; kada a tura yaro daji saboda hoto. Na uku, a rubuta wa kowane hoto sunan wuri da kwanan wata da inda aka fuskanta, a kuma wanke shi a takarda, gama waya takan lalace ko ta ɓata, hoton da ba shi da wuri da rana kuwa ado ne kurum.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Masanin da zai rubuta tarihin ƙasar Faskari nan da shekara 50, abin da muka ajiye masa yau shi zai tarar. Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya sa mu dace, amin.