Masaƙa ko Dila?

Tun shekarun 1920 'yan kasuwar Indiya, irin su gidan Chellaram, suke shigo da yadi Najeriya. A 1964 kuma attajirin Hong Kong, Cha Chi Ming, ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna. Wannan jari zama ya zo yi: audugar Funtuwa da Malumfashi ta samu masaya, dubban magidanta suka samu albashi.

Ƙarancin wutar lantarki da fasa-ƙwauri suka durƙusar da masaƙar, ta rufe a 2007. Yau atamfar Sin ce ta cika Kantin Kwari har kasuwar Kankiya.

Saboda haka, duk yarjejeniyar cinikin da za mu ƙulla da Indiya ko Sin, tambayar manomin auduga ɗaya ce: masaƙa za su kawo, ko dilolin atamfa?