Iyakar Lafagu da Dokar Ƙirƙirarriyar Basira

Ƙasar Bagudo, inda Lafagu da Illo da Tsamiya suke, ta daɗe tana ganin kayan nesa suna ratsawa. A ƙarni na 19 ayarin fatake daga Kano da Sakkwato da Jega kan ƙetare Kwara ta wajen Illo, su bi ta Kandi da Jugu har Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu, su dawo da goro. Babu sarkin da ya mallaki hanyar tun daga farko har ƙarshe, amma fataucin bai zama kara zube ba. Kowane ayari yana da madugu, kowane baƙo yana da fatoman da ya sauke shi, wanda ke tsaya masa idan rigimar bashi ko algus ta tashi, a mashigi kuma a biya fito. Malaman jihadi ma ba su bar kasuwa ga son zuciyar kowa ba: Malam Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu kan hisba, Shehu Usmanu kuwa ya soki harajin zalunci da sarakuna ke tatsa daga 'yan kasuwa. Ginshiƙin tsarin shi ne a san wanda za a kama in an cuci mutum.

Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yunin 1898 ta raba ƙasar Bargu, Nikki ta faɗa hannun Faransawa, Illo da Busa hannun Ingilishi, dangi ɗaya suka koma ƙasa biyu. Layin bai hana kasuwa ci ba. Haka ma da gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, shinkafa da fetur sun ci gaba da bin ɓarauniyar hanya a kan babura, talaka kuma ya sha tsada.

Masu adawa da yi wa ƙirƙirarriyar basira doka suna kafa hujja da irin wannan: abin da ke shigowa ta waya daga kamfanonin Amurka da Sin, wane jami'in kwastam zai tare shi? Gaskiya ne ba a tare shi. Sai dai abin da ya gaza a 2019 haramci ne, tsarin fatoma kuwa ya riƙe fataucin goro shekaru aru-aru. Na'urar da ke tantance wanda banki zai ba rance, ko manhajar da ke gaya wa manomin shinkafa a fadamar Kwara yawan maganin da zai fesa, tana isa gare shi ne ta hannun banki ko kamfanin waya ko ma'aikata mai rajista a Najeriya. Waɗannan su ne masu masaukinta, su doka za ta riƙe. Wasu kuma na tsoron kada dokar ta zama sabon shingen karɓar na goro, kuma duk wanda ya san hanyar Tsamiya ya san tsoron yana da tushe. Maganinsa a taƙaita dokar ga cutarwa: ƙirƙirar muryar mutum don damfara, satar bayanansa, yanke masa hukunci ba tare da ƙofar ƙorafi ba.

Tarayyar Turai ta fara aiki da dokarta ta ƙirƙirarriyar basira a Agustan 2024, Najeriya kuma tana da dokar kare bayanai tun 2023. Ya kamata Majalisar Tarayya ta ɗora a kai, ta wajabta a riƙa karɓar ƙorafi da Hausa da Dandanci da Fulatanci, domin mutumin Lafagu ya san ofishin da zai kai kukansa.