ƘA'IDOJIN ZAƁEN FILI DA GINA OFIS A ƘARAMAR HUKUMAR YANKWASHI

Gabatarwa

Ƙaramar Hukumar Yankwashi, wadda hedikwatarta ke Karkarna, tana cikin Masarautar Kazaure tare da Kazaure da Roni da Gwiwa, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa. A wannan yanki, da kuma Babura mai maƙwabtaka da shi, ana yawan gina ofisoshin gwamnati da na ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa a gefen gari, inda gonaki da burtali ke haɗuwa da gidaje. Saboda haka wajibi ne mai niyyar gini ya tabbatar da abubuwa uku kafin a haƙa harsashi: wanda ke da ikon ba da filin, abin da aka keɓe wurin dominsa, da inda ginin zai zauna a cikin filin.

Ikon ba da fili

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Wurin da gwamna ya ayyana a matsayin birni yana ƙarƙashin ikonsa kai tsaye, sauran wuraren kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin zama na gargajiya a cikinsu, bisa shawarar kwamitinta na rabon filaye. Shaidar mai unguwa ko dagaci tana da amfani wajen tabbatar da iyaka da tarihin gona, amma ba ta zama izinin gini ba. Haka kuma sauya hannun fili yana buƙatar amincewar hukumar da ke da iko a kansa.

Idan gwamnati ta karɓi gona domin gina sakatariya ko wani ofis na jama'a, doka ta tanadi a sanar da mai gonar, sannan a biya shi diyyar abin da ke kanta, kamar gini da amfanin gona da itatuwa. Yana da kyau jami'ai su kammala wannan a rubuce tun kafin ɗan kwangila ya sauke yashi, domin rigimar diyya takan tsayar da aiki shekara da shekaru.

Abin da aka keɓe wuri dominsa

Tsarin gari yana raba ƙasa gida-gida: wurin zama, wurin kasuwanci, wurin hukumomi, wurin masana'antu da wurin noma. Filin da aka bayar domin gida ba ya zama ofis sai an nemi sauyin amfani an kuma samu. Ba a gini a kan burtali ko makiyaya, ko maƙabarta, ko filin idi, ko harabar makaranta, ko hanyar ruwa, ko da a ce wurin ya daɗe babu kowa a kai.

Dokar Tsara Birane da Yankuna mai lamba 88 ta 1992 ta shimfiɗa cewa gwamnati da hukumominta su ma sai sun nemi izini kafin su yi gini. Ta kuma ce ofishin da ya wuce hawa 4, ko faɗin murabba'in mita 5,000, sai an gabatar da rahoton tasirinsa ga muhalli. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne, don haka ma'aikatar ƙasa ta jiha da ke Dutse da sashen ayyuka na ƙaramar hukuma su ne za a tuntuɓa domin sanin awon da ake aiki da shi.

Zaman gini a cikin fili

A bar tazara tsakanin gini da hanya. A kan hanyar Gwamnatin Tarayya, irin wadda ta taso daga Kano ta bi ta Kazaure zuwa Daura, ba a gini a cikin mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane ɓangare. Haka nan ba a gini a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. A bar sarari a gefe da baya domin iska da haske da shigar motar kashe gobara, a kuma ware wurin ajiye motoci da babura a cikin harabar, kada jama'a su riƙa tsayawa a bakin titi.

A duba wurin da damina, domin rani ba ya nuna inda ruwa ke kwanciya. Kududdufin da aka cike da shara ba ya ɗaukar gini, ƙasar yashi kuma tana buƙatar harsashin da injiniya ya tsara. A gindin dutse ko tudu, ruwan sama na gangarowa da ƙarfi, don haka a fara fitar da magudana, a kuma ɗaga daɓe sama da titi. A nisanta masai daga rijiya, ya kasance ta ƙasa da ita. A ɗaure rufi da kyau saboda guguwar farkon damina, a rage tagogi ta yamma, a kuma bar itatuwan da aka tarar.

Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta samar da hanyar shiga gine-ginen jama'a ga mai keken guragu. Tsara ta tun a zane ya fi sauƙi a kan fasa matakala daga baya.

Takardun neman izini

1. Shaidar mallakar fili.
2. Taswirar safiyo mai nuna iyakoki.
3. Zanen harabar mai nuna gini, hanya, magudana da masai.
4. Zanen gini da na ƙarfe daga ƙwararru masu rajista, kamar yadda Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa na 2006 ya tanada.
5. Rasidin kuɗin da aka biya a asusun hukuma.

Kammalawa

Ginin da aka yi ba da izini ba ana iya dakatar da shi ko a rushe shi, asarar kuwa ta mai shi ce, ko ta al'umma idan da kuɗinta aka yi. Ana kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da kansiloli su tura duk mai niyyar gini zuwa sashen ayyuka tun yana kan shawara, kafin ya sayi buhun siminti ko ɗaya.