Majalisar Kwaddibuwa Da Akwatunan Zaɓenta Biyu

A zamanin mulkin Faransa, Turawan Abidjan suna zaune ne a Plateau, 'yan ƙasa da baƙin 'yan kasuwa irin Hausawa kuwa sai Adjamé ta arewa, ko Treichville a tsallaken ruwa. Irin wannan rabon aka yi wa majalisar yankin da aka kafa a 1946, wato Conseil Général.

Kujeru 50 ne, amma akwatin zaɓe biyu. Masu takardar zama ɗan Faransa, duk da ƙarancinsu, suna zaɓen wakilai 20, sauran jama'a su zaɓi 30. Aikin majalisar shi ne amincewa da kasafin kuɗi da haraji, sannan ta tura mutum 5 babbar majalisa ta Dakar. Zartarwa kuwa na hannun gwamna, wanda Faris ke naɗawa.

Shi ya sa siyasa ta fi zafi a unguwanni. A Treichville aka kafa jam'iyyar PDCI ta Houphouët-Boigny a Afrilun 1946, a nan kuma rikici ya ɓarke ranar 6 ga Fabrairun 1949, aka tsare shugabanninta a gidan yarin Grand-Bassam.

A 1952 majalisar ta koma Assemblée Territoriale. Dokar Defferre ta 1956 ce ta haɗe akwatunan. Daga zaɓen Maris na 1957 ƙuri'ar mai sayar da goro a Adjamé ta zama daidai da ta attajirin Plateau.