Baiwar Allah: Tarihin Suna da Rabe-rabenta

Ƙaramar tsuntsuwar da ke tsintar tsaki kusa da turmi a gidajen Birnin Tudu ita ce baiwar Allah. Namijin ja ne, da zoben rawaya kewaye da ido da ɗigon fari a gefen ƙirji. Macen kuwa ruwan ƙasa ce, sai ja a gindin wutsiya.

A 1766 masanin Sweden, Linnaeus, ya raɗa mata suna senegala, domin daga Senegal Turawa suka fara saninta. A 1863 Bajamushe Heuglin ya bayyana wani reshenta, rhodopsis, wanda ke zaune daga gabashin Nijeriya zuwa Sudan. Ta yammacin ƙasar nan, har Zamfara, tana cikin reshen farko.

Tun da aka kammala madatsar Bakolori a 1978, shinkafa ta yalwata a wannan yanki, kuma babban abokin gabarta jan-baki ne, mai sauka gona dubbai a tare. Bakin baiwar Allah ma ja ne, amma bibbiyu take yawo ko 'yan kaɗan, tana tsintar irin ciyawa a ƙasa. Manomin da ya san bambancin ba zai hukunta maƙwabciya da laifin ɓarawo ba.